Gargaɗi ga Manoman Arewacin Kano: Kada a Fasa Tulun Iri

Jama'ar Dawakin Tofa da Bichi da Bagwai, mutanen Dambatta da Makoɗa da Kunci, na Minjibir da Ungogo da Gezawa, kaka ta yi. An ɗaure gero, dawa ta sunkuyar da kai, wake na shan rana a kan soraye. A 'yan watannin nan ne kuɗi ke shiga hannun manomi, kuma a cikinsu ne yake zurarewa. Abin da mutum ya yi da nasa daga yau zuwa faɗuwar ruwan shuka shi zai raba wanda zai shiga damina da gonarsa da irinsa da takinsa, da wanda zai shige ta yana ƙwadago a gonar da bara tasa ce. Dillalai sun riga sun fara zagawa, an kuma fara sa ranakun biki. Shi ya sa na ga bai kamata in jira ba.

A farin 1984 ina yaro a gidan baffana. Kowace kaka, tun kafin a kai dami rumbu, yakan tsuguna ya zaɓi zangarniyar geron da ta fi cika da tsawo, ya ɗaure ta daban ya rataye a rufin ɗakinsa inda hayaƙi ke dukanta. Waken iri kuwa a tulu yake zuba shi, ya cakuɗa da toka, ya liƙe bakin da laka. A waccan shekarar, tun bazara ba ta yi nisa ba rumbu ya koma fayau. Kwaɗon tafasa da rama muka koma ci, wata rana da ƙuli, wata rana babu. Wani dare na ji uwargidansa tana cewa, "Malam, ko kwano ɗaya ne a ɗebo daga tulun nan, yaran nan tun safe ba su sa komai a baki ba." Ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ce, "In na fasa shi yau, baɗi ma ba za su ci ba." Washegari ya tura kekensa kasuwa ya dawo a ƙafa da 'yar dawa a kai. Da ruwa ya sauka a 1985, mu da sassafe muka fita shuka. Wasu maƙwabta da yunwa ta sa suka cinye nasu sai da suka bi gidaje neman rance, damin da za a biya biyu da kaka, kuma kafin su samu har shukar mutane ta tsiro.

Abin da masana tattalin arziki suke cika littattafai da shi a kan zuba jari da cin dukiya, a cikin wannan tulu yake. Duk abin da gida ko ƙasa ta samu a shekara, kashi biyu yake: wanda za a ci ya wuce, da wanda za a mayar ya haifo wani. Ɗan kasuwa ya san bambancin riba da uwar kuɗi. Manomi ma ya sani, amma uwar kuɗinsa ba a aljihu take ba, shi ya sa yana iya cinye ta bai lura ba.

Ku dubi ƙasar da muke zaune a kai. Mu nan ba mu da daji, ba mu da saura. Gona na jingine da gona tun daga bayan ganuwar birni har inda ido ya tsaya, kuma kowace shekara sai an nome ta, ba ta hutawa. Da a wata ƙasar ce da tuni ta koma fako. Michael Mortimore, Baturen Ingila masanin labarin ƙasa da ya koyar a Zariya da Kano, ya shafe shekaru tun daga wajejen 1960 yana nazarin yadda wannan yanki ya ɗauki ɗaruruwan mutane a kowace murabba'in kilomita ba tare da ƙasa ta mutu ba. Abin da ya gano iyayenmu sun riga shi sani. Jaki ya kai itace birni ya dawo da mangala cike da taki. Awaki da tumaki a ɗaure su a turke duk damina, a kwashe kashinsu da rani a jera shi tsibi-tsibi a gona. A shuka wake da gyaɗa a tsakanin gero da dawa, harawarsu ta koma cikin dabba, abin da dabba ta fitar ya koma gona. Gawo kuwa ba a taɓa shi, don shi ne ke zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana, gindinsa kuma ya fi ko'ina yabanya. Ƙarfin da ke cikin ƙasar nan ajiya ce ta gumin mutanen da suka rasu, kowa ya zo ya ƙara nasa ya wuce.

Wannan ajiya ce nake gani muna ɗiba ba ma mayarwa. Ana kaka sai ka ga an loda harawa da kara kaf a mota an sayar, gida ya zauna babu abin ba dabba, daga nan dabbar ma ta bi su kasuwar Dambatta ranar Lahadi. Babu dabba babu taki. Ɗorawar da kakan mutum ya tarar, wadda ke ba gida kalwa kowace shekara, a yini ɗaya injin yanka ya kwantar da ita, ta koma buhunan gawayi a bakin titi. Wani kuma fuskar gonar tasa yake sayar wa masu tifa, su kankare ƙasar da aka yi shekara ɗari ana yi mata taki, su bar masa kududdufi. In ka ga ƙuduji ya yi jajir a gonar dawa, ƙasa ce take faɗa maka an ci bashinta ba a biya ba. Takin zamani ba ya rufe wannan rami shi kaɗai, balle yanzu da buhun yuriya da kamfa suka fi ƙarfin mai ƙaramar gona.

Amma wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne sayar da gonar ɗungurungum. Ku bi hanyar Dawanau zuwa Bichi, ko ta Dambatta, ko ta Gezawa, ku ƙirga gonakin da aka kafa wa duwatsun shaida aka yanka fulotai. Birni yana tahowa, wannan ba mai hana shi. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Kano mutum sama da miliyan 9, kuma kowa ya san an ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. Ga kuma aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, wanda ya ratsa ta Dambatta da Kazaure da Daura, da faɗaɗa titin Kano zuwa Katsina. Irin waɗannan ayyuka kan zo da diyya. Mutumin da bai taɓa riƙe miliyan guda ba sai ya wayi gari da miliyoyi a asusu. A nan ake yin asarar da ba ta gyaruwa.

Na san wani magidanci, ba zan kama suna ba, da ya sayar da gonarsa ta gado don aurar da 'yarsa. Na je ganin ɗaki. Gado na ƙin ƙarawa, kujerun kushin, kabad cike da kwanuka da tangaran har rufi, firji a lungu a garin da wuta ba ta zuwa sai an ga dama. Mata na ta guɗa, kowa na cewa ya fita kunya. Shekara biyu bayan haka na gamu da shi da fartanya a kafaɗa zai tafi ƙwadago a gonar wani. Kujerun sun yage, firjin an mai da shi ma'ajiyar kwanoni. Mutumin nan ba wawa ba ne, ba kuma almubazzari ba ne. Tsoron bakin mutane ne ya sayar masa da gona, kuma masu bakin mu ne. Mu ne muke leƙa akwatin lefe muna ƙirgawa, mu ne muke cewa garar wance ba ta kai ta wance ba. Gonar nan da ta zauna, da kowace shekara ta ba 'yar tasa buhun gero da na wake har ta aurar da nata 'ya'yan.

Kada kuma wani ya ce zai sayar ya ajiye kuɗin. A 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin 100. Ma'ana, kuɗin da ka kwantar a farkon shekara, kafin ƙarshenta kusan rubu'in ƙarfinsa ya zube ba tare da ka taɓa ko sisi ba. Gona tana nan tana ƙara daraja, takardar kuɗi tana narkewa kamar ƙanƙarar ruwan sama.

Na san za a ce mini ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma mai jin yunwa ba a yi masa wa'azin ajiya. Gaskiya ne, ban raina halin da ake ciki ba. Wanda ya sayar da akuya ya kai ɗansa asibiti, ai don ranar aka kiwata ta. Abinci mai kyau a cikin yaro, da kuɗin makarantarsa, da maganin mai juna biyu, duk iri ne ake shukawa. Babur ɗin da ke kai tumatir kasuwa ya dawo da kuɗin cefane jari ne. Wanda aka saya don a gani a dandali, a zuba masa man bashi, shi ne cin uwa. Tambayar da nake so kowa ya yi wa kansa kafin ya miƙa kuɗi ita ce: abin nan baɗi war haka zai ba ni, ko ni zan ba shi?

Wannan cuta ba a gidajenmu ta fara ba, kuma mun ga abin da ta yi wa ƙasa baki ɗaya. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar ƙauyukan nan ce ta cika shi. Da ita su Alhassan Ɗantata suka tayar da dalar gyaɗa, har Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da ita a shekarun 1960. Hukumar cinikin amfanin gona ta riƙa rage wa manomi farashi tana tara rarar, kuma ba ƙaramin matsi ba ne a kansa. Amma aƙalla a wancan zamani ne Arewa ta ga masaƙar Kaduna a 1957 da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Sai man fetur ya yi tsada a 1973, kuɗi ya kwararo kamar ruwan marka, a daidai lokacin da fari ke cin Arewa. A 1974 rahoton Udoji ya ɗaga albashin ma'aikata, aka biya su har da bashin watannin baya a dunƙule, kasuwa ta cika da rediyo da babura da kayan waje, farashi ya tashi, matasa suka ajiye fartanya suka nufi birni. A 1975 jiragen ruwa ɗaruruwa maƙare da siminti suka yi cirko-cirko a gaɓar Legas wata da watanni, ana biyan su kuɗin jira, simintin na daskarewa a cikinsu. A wannan shekarar ce kuma cutar kuturta ta faɗa wa gyaɗa ta ƙarasa abin da fari ya bari. Dalar gyaɗa ta ɓace ba ta dawo ba. Ƙasar da ke sayar wa duniya abinci ta koma saye.

A cikin wannan zamani ɗaya, da irin wannan kuɗi, Audu Bako, wanda ya yi gwamnan Kano daga 1967 zuwa 1975, ya zaɓi ya tare ruwa. Tiga da Bagauda da noman rani na Kadawa nasa ne, kuma daga shirin madatsun da aka faro a lokacinsa ne muka sami Watari a Bagwai da Tomas a ƙasar Dambatta. Rediyon Udoji ko gawarsa ba a gani yau. Watari kuwa har gobe ana cin shinkafa da albasa da tumatir a gindinta, yaran da kakanninsu ba su san noman rani ba suna zaune a gida maimakon tafiya ci-rani.

Ba mu ɗauki darasi ba. A 2004 gwamnatin Obasanjo ta buɗe asusun rarar ɗanyen mai, ya tara wajen dala biliyan 20 a 2008. Aka yi ta rabawa har ya zamana a 2022 ko dala miliyan ɗaya babu a ciki. Ƙasar Norway, wadda ita ma mai take haƙowa, ta fara zuba nata rarar a asusu a 1996, yau ya haura dala tiriliyan guda. A 2022 kaɗai tallafin man fetur ya laƙume fiye da naira tiriliyan 4, kuɗin da ya fita ta salansa ya bi iska, ya kuma ninka abin da aka ware wa noma sau da yawa. A shekarar dai Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa sama da kashi 90 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya biyan bashi ya cinye. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Maputo a 2003 cewa za su riƙa ba noma kashi 10 cikin 100 na kasafinsu. Kasafin tarayyar Nijeriya bai ko kusanci haka ba. Hatta abin da aka gina ba a kula da shi. Madatsar Bagauda ta ɓalle a Agustan 1988, ta Alau ta ɓalle wa Maiduguri a Satumbar 2024. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Da tsada ta kai maƙura a 2024, gwamnati ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150 daga watan Yuli. Mai saye ya ɗan numfasa, ba na musun haka. Amma manomin da ya sayi taki da tsada ya wayi gari hatsinsa ya faɗi warwas a Dawanau, wasu ko kuɗin da suka zuba ba su fitar ba. Wanda ya ji wannan zafi shi ne yau dillali ke raɗa wa cewa noma ba riba, gara ya karɓi kuɗi. Ina roƙonsa kada ya yanke hukuncin gonar shekara ɗari da farashin kaka ɗaya.

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai, kuma a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. To ciyamomi da kansiloli da 'yan majalisarmu, ranku ya daɗe, kakarku ce ta yi ku ma. Buhun shinkafa da ɗan kwalin taliya da ake rabawa a sakatariya mako guda suke yi a gida. Hanyar burji da za ta fitar da tumatir daga fadama kafin ya ruɓe, da yashe magudanar noman rani, da rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, da malamin gona mai babur da mai, da rufin ajin da iska ta yaye, su ne za a ci moriyarsu bayan kun sauka. Mu ma masu zaɓe da laifinmu: in ɗan takara ya zo, abin da zai ba mu a hannu muke tambaya. Mu fara tambayarsa kwalbati nawa ya gina, kuma a ina.

Iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku, babu cinikin gonar da ke tabbata ba da saninku ba. Kafin ku sa hannu ku kira mai gonar gefe ku tambaye shi me zai yi da kuɗin, matansa da manyan 'ya'yansa sun sani, ina zai noma baɗi. Ba hana shi haƙƙinsa ba ne, haƙƙin maƙwabtaka ne. Ku kuma haɗa kan gari a ƙayyade lefe da kayan ɗaki da gara, a fara daga gidajenku da na masu hali, don talaka ba zai iya ragewa shi kaɗai ba, gori zai kashe shi. Malamanmu, Allah ya gafarta muku, ƙissar Annabi Yusufu, alaihis salam, da shekaru bakwai na yalwa da aka ajiye hatsinsu a zangarniya don bakwai na fari, ku kuka karantar da mu ita. Yanzu ne lokacin huɗubarta, kafin a fara ɗaurin aure, ba da bazara ba.

Iyaye mata, a hannunku rabin maganin yake. Ku ne masu adashi, ku ne masu awaki, kuma ku ne masu jere. Tunkiya biyu da keken ɗinki ko injin markaɗe a cikin kayan amarya sun fi mata jerin kwanukan da ba za a taɓa cin tuwo a ciki ba. In kwasar adashi ta zo kanki, ki tuna ɗan rago da aka ɗaure yanzu yana bin harawa da dusa, kafin babbar salla ya zama kuɗi, takinsa kuma ya rage wa maigida.

Wanda dole ta kama shi sai ya rabu da gona, ko hukuma ta karɓa ta ba shi diyya, kada kuɗin ya kwana arba'in a hannunsa. Ya nemi wata gonar ko da ta fi nisa, can wajen Kunci ko Tsanyawa ko Shanono inda ƙasa ba ta kai tsadar bakin birni ba, ko shanun huɗa da garma, ko injin ban ruwa da fili a fadama. In buƙatar ta ɗan lokaci ce, jingina a gaban shaidu da takarda ta fi sayarwa, don ita tana da ranar dawowa. Kada a sayar da hatsi duka a kaka lokacin da ya fi araha. Wake in an zuba shi a buhun nan mai leda biyu a ciki aka ɗaure da kyau, ƙwaro ba ya cin sa, zai kai lokacin da zai yi daraja ba tare da an sa masa guba ba. A bar rabin harawa a kan bishiya ko a rumfa. A fara kai taki gona tun sanyi bai wuce ba. Irin baɗi kuma a ware shi a makon nan, kafin a fara sussuka, a sa shi inda ba a buɗewa don baƙo ko don biki, a kuma gaya wa kowa a gidan cewa wannan na shuka ne.